Yadda ake ba tsiron bishiya takin naitirojin ba tare da ganye ya cinye rabon saiwa ba

Duk wanda ya taɓa rainon itatuwa a leda ya san daɗin nan da ake ji idan an watsa yuriya, bayan kwana goma sai kaga ganye ya yi kore shar, tsirrai sun miƙe suna rige-rigen tsawo. Toh 'yan uwa wannan daɗin shi ke yaudarar mu da yawa, don abin da ido ke gani rabin tsiron ne kawai, ɗaya rabin yana cikin leda, kuma shi ne zai riƙe bishiyar ranar da aka kai ta fili aka daina yi mata ban ruwa safe da yamma. Ni ma na sha wannan, na taɓa rainon wasu tsirrai da suka kai min gwiwa cikin ƙanƙanin lokaci, kowa ya gani sai ya yaba, da aka dasa su sati uku ba su cika ba da yawansu suka langaɓe. Na ciro ɗaya na wanke gindinsa a bokiti, abin da na gani ya sosa min rai, saiwar duka-duka ba ta cika tafin hannuna ba, siririya, ga ganye himili guda a sama tana ɗauke da shi. Tun daga ranar na koma duba ƙasan tsiro kafin samansa.

Bari in fara da abin da ke faruwa a cikin tsiron, in ka gane shi sauran matakan za su zo maka da sauƙi.

Ganye shi ke haɗa sukari da hasken rana, saiwa kuma ita ke jawo ruwa da sinadarai daga ƙasa. Sukarin nan da ganye ya haɗa shi ne jarin tsiro gaba ɗaya, kuma kullum sai ya raba shi, wani ya tafi sabon ganye, wani kara, wani saiwa. Naitirojin yana cikin manyan abubuwan da ke yanke wannan rabon. Dalili kuwa ganye ba ya ginuwa sai da shi, koren da kake gani a ganye sinadarin kulorofil ne, kowane ƙwaya ɗaya nasa akwai naitirojin guda 4 a ciki, haka furotin ɗin da ke kama iskar kabon ya mai da ita sukari shi ma cike yake da naitirojin. In ka busar da ganyen tsiro mai lafiya, kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa naitirojin ne. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 ita ma naitirojin ce amma yawancin itatuwa ba sa iya taɓa ta, sai ta saiwa suke sha, a siffar naitiret ko amoniyam.

Idan naitirojin ya yi ƙaranci, sabon ganye ba ya samun kayan gini, sai fitarsa ta ragu, sukari ya taru ba wurin kashe shi a sama, sai ya gangara ƙasa, saiwa ta yi ta tsawo tana reshe tana neman abin da ya yi ƙaranci. Idan kuma ya wadata, saiwa na aika saƙo sama ta wani sinadari da ake kira saitokainin, kamar tana cewa ƙasa akwai abinci ku ci gaba, sai ganye ya yi ta faɗi, kara ya yi ta tsawo, rabon saiwa ya ragu. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Brouwer shi ya yi fice wajen bayyana wannan a farkon shekarun 1960, yana yanke wani sashe na ganye ko na saiwa, sai ya ga tsiron ya karkata girmansa ga ɓangaren da aka rage har sai ma'aunin ya koma yadda yake. Wato tsiro kullum yana zuba jari ne a ɓangaren da zai samo masa abin da ya fi buƙata.

Akwai wani abu da mutane ke kuskuren fahimta a nan kuma yana da muhimmanci. Cewa rabon saiwa ya ragu ba yana nufin saiwar ta ƙanƙance ba. Sau da yawa tsiron da ya samu taki daidai saiwarsa ta fi ta wanda aka bari da yunwa nauyi, kawai dai samansa ya fi ninkuwa sosai. Don haka kada wani ya karanta wannan ya ce shikenan daga yau ba zan sa taki ba don in samu saiwa. Tsiron da ya sha yunwa rabonsa na saiwa babba ne amma shi kansa tsurut yake, ganye rawaya, ba ajiyar komai a jikinsa, in ka dasa shi sai ya yi wata da watanni a tsaye wuri ɗaya ciyawa ta rufe shi. Tsakiya muke nema, kuma ana samunta ne da awo.

Mataki na farko: san ƙasar da ka cika leda da ita

Kafin ka buɗe buhun taki ka tambayi kanka me ke cikin ledar nan. In ka haɗa ƙasar da takin dabbobi ruɓaɓɓe ko kashin kaji, toh akwai naitirojin a ciki da zai riƙa fita a hankali, kashin kaji ma ya fi ƙarfi nesa, irin wannan haɗin zai iya ɗaukar tsiro makonni da dama ba ka ƙara komai ba. In kuma yashi ya yi yawa, naitiret ba ya maƙalewa a jikin ƙasa, duk ban ruwan da ka yi yana wanke shi ya fita ta hujin leda. Mafi rikitarwa shi ne garin katako ɗanye ko ɓuntu ko ganyen da bai gama ruɓewa ba, ƙananan halittun da ke ruɓar da su suna buƙatar naitirojin su ma, sai su kwashe wanda ke cikin ƙasar su riƙe, kana ta sa taki tsiro na ta yin rawaya ka rasa dalili. Ka bar irin waɗannan kayan su ruɓe sosai, su yi baƙi, ƙamshinsu ya koma na ƙasa, sannan ka haɗa.

In kana da halin gwada tsamin ƙasar ka gwada, yawancin tsirran leda sun fi jin daɗi tsakanin 5.5 da 6.5 a ma'aunin pH.

Mataki na biyu: san irin bishiyar

Ba duka suke ci iri ɗaya ba. Masu saurin girma da ƙananan iri, irin su turare, ajiyar da ke cikin ƙwayar irinsu kaɗan ce, da wuri suke neman taimako, kuma da ka ba su da wuri suke zabura sama. Masu babban iri kamar mangwaro da kashu suna da guzurinsu a cikin ƙwallo, makonnin farko daga can suke ci, takin da ka zuba a lokacin yawancinsa asara ne.

Sai dangin bagaruwa da gawo, waɗanda ke ƙulla zumunci da wasu bakteriya a saiwarsu. Bakteriyar na zama cikin wasu 'yan ƙululai a jikin saiwa, tana kamo naitirojin na iska tana ba tsiro, shi kuma yana biyanta da sukari. In ka cika wa irin wannan tsiron taki sai ya ga ba amfanin biyan wani, ƙululan su ƙi fitowa ko su tsaya da aiki, ranar da ka kai shi filin da ba taki ya zama ba shi da abokin hulɗa. Su ɗan kaɗan ake ba su a farko don su tashi, daga nan a janye. Kana so ka san ko ƙululan na aiki, ciro ɗaya ka tsaga da farce, in cikinsa ja-ja ne ko ruwan hoda aiki yake, in fari ne ko kore-kore ba ya taɓuka komai.

Mataki na uku: iya lissafin taki

Nan ne nake so ka ɗan zauna da biro, don yawancin ɓarnar daga awon cikin hannu take zuwa, mutum ya dumbuzo ya barbaɗa. Leda ƙaramin gida ce, abin da gona za ta haɗiye ba ta ji ba, a leda ƙuna ne.

Lambar farko da ke jikin buhu ita ce ta naitirojin. Yuriya kashi 46 cikin 100, salfet na amoniyam kashi 21, kamfa mai 15-15-15 kashi 15, takin narkawa mai 20-20-20 kashi 20. Masu raino suna auna ƙarfin ruwan taki da ppm, kada sunan ya tsorata ka, ppm 1 miligiram 1 ne a cikin lita 1 ta ruwa. Ppm 100 kenan miligiram 100 na naitirojin a lita. Don ka samu giram nawa za ka zuba a lita 10, raba ppm ɗin da kake so da lambar da ke jikin buhu. Ppm 100 da 20-20-20, wato 100 a raba da 20, giram 5 a lita 10. Da yuriya, 100 a raba da 46, kusan giram 2.2 a lita 10. Ka duba fa, giram 2.2, bai ma cika ƙaramin cokalin shayi ba, a ruwa lita 10. Yanzu ka tuna yawan da ake barbaɗawa a leda ɗaya da hannu, za ka gane me ya sa bakin ganye ke ƙonewa.

Ka samu ƙaramin sikeli na dijital mai auna har 0.1 na giram, zai yi maka aiki a nan da kuma wajen awon saiwa daga baya.

Ni shawarata kada ka dogara da yuriya tsura. Tsiro na buƙatar fosfaros da fotashiyam da sauran ƙananan sinadarai tare da naitirojin, in ɗaya ya yi gaba ya bar saura sai jiki ya yi laushi. Torsten Ingestad, wani masani ɗan Suwidin da ya daɗe yana aiki kan abincin tsirran itatuwa, ya nuna cewa a duk kashi 100 na naitirojin tsiro na son fotashiyam wajen kashi 50 zuwa 65, fosfaros kuma ƙasa da kashi 20. Sannan ita yuriya sai ƙananan halittun ƙasa sun juya ta zuwa amoniyam, daga nan zuwa naitiret, in haɗin ledarka ba ƙasa ta gaske a ciki wannan juyin yana tafiyar hawainiya, amoniyam ya taru ya cutar da saiwa. Takin da ya haɗa naitiret da amoniyam ya fi kwanciyar hankali.

Mataki na huɗu: raba rainon gida uku

Tsiro ba ya cin abinci iri ɗaya daga tsirowa zuwa dashe, haka ma jariri ba a ba shi kwanon babba.

Zangon farko shi ne daga tsirowa zuwa lokacin da ganyen gaskiya na farko suka buɗe sosai, wajen sati 2 zuwa 4 ga yawancin iri. A nan babban aikin tsiro shi ne tura saiwa ƙasa, ka bar shi ya yi. Ruwa kawai, in kuma ƙasar ba ta da komai sai ka fara da ppm 50 ko ƙasa da haka bayan ganyen sun fito. Taki mai ƙarfi a wannan lokacin, haɗe da laima, shi ke kawo ciwon nan da ke ruɓar da wuyan tsiro, ka tashi da safe ka tarar sun kwanta layi guda kamar an bi su da reza.

Zango na biyu shi ne na girma, nan ake ciyarwa da gaske, ppm 100 zuwa 150, sau ɗaya ko biyu a sati gwargwadon yadda ƙasar ke riƙe abinci. Ka jiƙa ƙasar da ruwa zalla tukuna, kada ka taɓa zuba ruwan taki a busasshiyar leda, sannan ka ba kowace leda awo ɗaya, misali mililita 100, ka samu ƙaramin kofi ka yi masa alama. Mililita 100 na ppm 100 miligiram 10 kenan na naitirojin ga tsiro ɗaya, ka ga yanzu ka san ainihin abin da kowa ya ci. In ruwan ya taɓa ganye ka ɗauraye da ruwa zalla, kuma da safe ko da yamma ake yi. Bayan kowane zubi uku ko huɗu ka yi ban ruwa mai yawa da ruwa zalla har ya riƙa ɗiga ta ƙasan leda, don ya wanke gishirin taki da ya taru, in ka fara ganin farin ɓawo a saman ƙasar toh ka ma makara da wankin.

Wanda yake son ya ƙara gyara aikinsa, akwai hanyar da Ingestad ya kafa tushenta, Vic Timmer na Jami'ar Toronto a Kanada ya mai da ita abin amfani a gandun raino tun shekarun 1980. Maimakon ka ba tsiro awo ɗaya kowane sati, sai ka fara da kaɗan ka riƙa ƙarawa daidai da yadda yake girma. A ce za ka ciyar na sati 12, ka fara da miligiram 2 kana ƙara kashi ɗaya cikin huɗu duk sati, zai tafi 2, 2.5, 3.1, 3.9, 4.9, 6.1, haka har satin ƙarshe ya kai wajen 23, jimla wajen miligiram 108. Da ka raba wannan jimlar daidai wa daida, miligiram 9 ne duk sati, wanda ya yi wa ɗan mitsitsin tsiro yawa a farko, yawancinsa ruwa zai tafi da shi, kuma ya yi masa kaɗan a ƙarshe lokacin da ya girma yake neman abinci da gaske. Ni wannan hanyar ta fi kwanta min, taki ɗaya ne amma ya fi shiga jikin tsiro.

Zango na uku shi ne na horo, sati 4 zuwa 6 kafin dashe. Ka mayar da naitirojin wajen ppm 50, ka bar fotashiyam yadda yake, ka rage yawan ban ruwa a hankali har ƙasa ta riƙa ɗan bushewa tsakanin zubi, ka riƙa cire inuwa kaɗan-kaɗan har su saba da cikakkiyar rana, ka kuma buɗa tsakanin ledoji. Abin da kake nema tsawo ya tsaya, kara ya yi kauri ya fara zama itace, sukari ya koma saiwa. Amma dan Allah kada ka yanke takin gaba ɗaya har ganye ya yi rawaya, saboda makonnin farko bayan dashe saiwa ba ta kama sabuwar ƙasa ba, tsiron da ajiyar naitirojin ɗin da ke jikinsa yake fitar da sabon ganye da sabuwar saiwa.

A ƙasashe masu sanyi suna da wata dabara, idan itatuwansu masu ganye kamar allura suka rufe toho suka daina tsawo gab da hunturu, sai a ci gaba da ba su taki, ba za su ƙara tsawo ba, ajiye shi za su yi a jiki ya amfane su bayan dashe. Dabara ce mai kyau amma ta dogara da tsiron da ya tsaya da kansa. Bishiyar da ba ta san hutu ba, muddin akwai ɗumi da ruwa, in ka loda mata taki a ƙarshe sabon toho mai laushi za ta fitar maka ana gobe dashe.

Mataki na biyar: kula da inuwa

Wannan gajere ne amma shi ke lalata lissafin mutane da yawa. Inuwa ma tana karkatar da tsiro zuwa sama, don in haske ya yi ƙaranci ganye da tsawo zai zuba wa jari. Inuwa mai duhu, ga cunkoson ledoji, ga taki mai ƙarfi, su ukun in suka haɗu sai ka samu dogayen tsirrai sirara masu faɗuwa da kansu. In dole tsirranka su zauna a inuwa, ka rage takin.

Mataki na shida: karanta ganye

Naitirojin yana iya ƙaura a cikin tsiro, in ya yi ƙaranci sai tsiron ya kwashe na tsofaffin ganye ya kai wa sababbi. Shi ya sa yunwarsa daga ƙasa take farawa, tsofaffin ganye su koɗe su yi rawaya gaba ɗaya har jijiyoyinsu, na sama kuma su fito ƙanana. In ka ga akasin haka, sabon ganye na sama ne ya yi rawaya jijiyoyinsa na nan kore, wannan yawanci ƙarancin sinadarin ƙarfe ne ko ruwa ya yi yawa ko ƙasar ba ta da tsamin da ya kamata, ƙara yuriya ba zai gyara ba.

Alamar naitirojin ya yi yawa kuma, kore mai duhu har yana ɗaukar ido, ganye manya masu laushi, tazara mai tsawo tsakanin ganye da ganye a jikin kara, da rana ta ɗaga su ne farkon yin yaushi ko da ƙasar na da laima. Darɓa da sauran ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye suna son irin wannan tsiron sosai. Ka shafa tafin hannunka a kan tsirran ka wuce, masu ƙwari za su lanƙwasa su dawo tsaye nan take, masu laushi sai sun ɗau lokaci, wasu ma ba za su dawo ba.

Mataki na bakwai: fasa leda ka auna

Duk abin da na faɗa a sama ba zai tabbata ba sai ka ga saiwa da idonka, kuma hakan na nufin sadaukar da wasu tsirrai. Na san da ciwo, abin da ka yi wata uku kana shayarwa, amma biyar da ka fasa su za su ceci ɗari biyar.

Ka zaɓi guda 5 zuwa 10 ba tare da son rai ba, kada ka ɗauki na bakin layi kawai ko waɗanda suka fi kyau. Fara auna tsawo da santimita daga saman ƙasa zuwa ƙarshen toho, sai kaurin wuya, wato daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, da milimita. In ba ka da abin awon kauri ka naɗa zare sau ɗaya a wuyan, ka auna tsawon zaren ka raba da 3.14. Raba tsawo da kauri, in amsar ta wuce 6 ana ɗaukar tsiron a matsayin siriri da ya yi wa kaurinsa tsawo.

Sai ka tsaga ledar da reza daga sama zuwa ƙasa, ka sa dunƙulen ƙasar a bokitin ruwa ka bar shi ya jiƙa minti goma, kada ka ja, ka riƙa girgizawa a hankali kana warware ƙasar da yatsa, ƙananan saiwoyin nan masu kama da gashi su ne masu shan ruwa kuma su ke fara tsinkewa, in akwai rariya ka tace ruwan ka tattaro waɗanda suka gutsure. Ɗaga shi ka kalla kafin ka yanke. Saiwa mai kyau tana da reshe ta ko'ina, bakunanta farare tas masu ƙwari, ta riƙe ƙasar ledar daga sama har ƙasa. In launin ruwan ƙasa ce mai laushi tana sulɓewa a hannu, ruwa ko gishirin taki ya ci ta. In ta kanannaɗe a gindin leda kamar gammo, tsiron ya daɗe a ledar fiye da kima, wannan matsala ce daban da taki ba zai warware ba.

Yanke a wuya, sama daban ƙasa daban, sa kowanne a ambulan na takarda ka rubuta lamba. Busasshen nauyi ake aunawa don ɗanyen ruwa ne ya fi yawa a ciki. A ɗakin gwaji ana busarwa a digiri 65 zuwa 70 na ma'aunin Salsiyos, na kwana 2 zuwa 3, in ba ka da wannan ka shanya ambulan ɗin a wuri mai zafi da iska, kana aunawa kullum har nauyin ya daina sauka. Raba nauyin sama da na saiwa. Ga tsirran leda ana son amsar ta kasance wajen 2 ko ƙasa da haka, in wurin dashen busasshe ne gara ta matso kusa da 1. Ta kai 3 ko 4, samansa ya fi ƙarfin ƙasansa.

Akwai lissafin da ya haɗa duka waɗannan, wanda wani masani mai suna Dickson da abokan aikinsa suka fitar a 1960, har yau ana amfani da shi. Ka haɗa amsoshin nan biyu, na tsawo da kauri da na sama da saiwa, sai ka raba jimlar nauyin tsiron da abin da ka samu. A ce tsiro na ɗaya tsawonsa 45, kauri 4, sama giram 6, saiwa 1.5. Tsawo da kauri ya ba da 11.25, sama da saiwa ya ba da 4, haɗe 15.25, nauyi duka 7.5, amsa 0.49. Na biyu tsawo 28, kauri 5, sama 4.5, saiwa 2.5, wato 5.6 da 1.8, haɗe 7.4, nauyi 7, amsa 0.95. Mai saye da ido zai ɗauki na farko, alhali na biyun ya kusa ninka shi inganci. Sai dai iri ɗaya ake gwadawa da junansu, kuma masu kusan girma ɗaya, don rabon saiwa da sama yana canzawa da kansa yayin da tsiro ke girma ko da ba ka taɓa takin ba.

Mataki na takwas: yi gwajinka da kanka

Lambobin ppm da na bayar wurin farawa ne, ƙasarka da ruwanka da irinka su za su faɗi na ƙarshe. Ware tsirrai 80 masu kai ɗaya ka raba su gida huɗu, 20-20. Gida na farko ruwa zalla, na biyu ppm 50, na uku 100, na huɗu 200. Komai nasu ya zama ɗaya, leda, ƙasa, yawan ruwa, ranar zubi. Ka ɗaura wa kowane gida zare mai launi daban sannan ka cakuɗa ledojin, ka riƙa sauya musu wuri duk sati biyu, in ba haka ba gidan da ya samu gefen rana zai ruɗe ka ka ɗauka aikin taki ne. Bayan sati 10 zuwa 12 ka fasa biyar daga kowane gida ka yi awon nan na sama.

Abin da ake yawan gani, daga ruwa zalla zuwa matsakaicin taki komai na ƙaruwa har da saiwa, daga matsakaici zuwa mai ƙarfi kuma ganye ke ci gaba da ƙaruwa, saiwa ta tsaya ko ta ɗan ja baya. Inda saiwa ta daina ƙaruwa, nan ne iyakar takinka.

Sauran 15 ɗin na kowane gida kada ka cire musu zaren, ka dasa su a fili ɗaya rana ɗaya, ramuka iri ɗaya, kuma kada ka zuba taki mai ƙarfi a cikin ramin ya taɓa saiwa. In za ka sa, ka jira sai sun kama sun fara sabon toho, sannan ka zagaya shi nesa da gindi wajen santimita 20 zuwa 30 ka rufe da ƙasa, yuriyar da aka bari a sarari kan ƙasa mai zafi wani kasonta iska take bi. Saiwa tana yin reshe sosai a inda ta tarar da naitiret, wani masani mai suna Malcolm Drew ya nuna haka da sha'ir a shekarun 1970, don haka takin da ka sa a ɗan nesa yana jawo ta ta fita daga dunƙulen ƙasar ledar ta shiga ƙasar fili. Ka ƙirga waɗanda suka rayu bayan wata 3, ka sake ƙirgawa bayan sun haye lokacin bushewa na farko, ka rubuta launin zaren kowanne a littafinka kusa da awon da ka yi tun suna leda.